Guzurin Rabi

Unguwar Nima, daren Talata, Disamba 1969

Tun asuba nake dakan citta da kanumfari da masoro. Na yayyanka dabino, na soya gyaɗa, na kwaɓa da fulawa da zuma, duk don aminiyata Rabi ta samu biskit ɗin da zai kai ta Kano bai lalace ba. Sati biyu tana tari, mura ta cika unguwa, a haka gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su fita daga ƙasar. Wai baƙuwa, matar da aka binne cibiyarta a ƙasar nan, a unguwar Lagos Town da ke kusa da mu. Ni na karanta mata dokar a jarida, da bakina.

Mai burodi ya ce sai ya kwashe nasa zan sa tirena a tanderu. Na jira, don da ragowar zafi ake gasa irin wannan. Kafin in isa tasha da gwangwanin biskit ɗin, motarsu ta tashi. Ban san wa zai ba ta ko ruwan zafi a hanya ba.

Da magariba sai ga Maman Sadiya, wadda ta saye keken ɗinkin Rabi jiya a wulaƙance.

"Yaya, ƙanshi har lungunmu. Sadiya ma tarin ya kama ta, a sam mata mana."

Na ce, "Keken bai ishe ku ba, har da guzurinta?"

Ta yi dariya, wai na cika barkwanci.

Na ba ta, don yarinyar ba ta sayi komai ba. Amma sai da na zauna na tsince mata waɗanda suka ƙone, ɗaya bayan ɗaya, uwar tana tsaye tana kallo.