Saura Abu Ɗaya a Shafin Abdulnasir

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Damina ta kankama, kasuwar riɗi ta mutu murus. Dillali a irin wannan lokaci ba shi da aiki sai zaman rumfa da gulmar masu wucewa. Yau wani ya turo sanarwa a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare, wai ana koyar da gina shafin intanet ta waya, kyauta. Kyauta! Ni Jafaru da na tsufa tsakanin mai buhu da mai kuɗi a kasuwar Birnin Kudu, ban taɓa ganin kyautar da ba ƙugiya a cikinta ba. Na sa sunana don in ga inda ƙugiyar take. In kuma abin gaske ne, in yi shafin da manyan masu sayen riɗi na Kano za su riƙa nemana kai tsaye, ba sai na bi ta hannun yaransu ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ashe babu malami. Waɗanda suka gama bara su ke koya wa na bana. Mai kula da rukuninmu wata Munawwara ce daga Dutse, magana ɗaya take yi kamar alƙali. Dokarsu: kowa da abokin dubawa. Ka yi aiki ya duba, ya yi ka duba. Kuma ba a ɗora shafin mutum a intanet sai abokinsa ya rubuta "ya yi" a guruf, kowa ya gani.

An haɗa ni da wani Abdulnasir, malamin firamare a Fagam, can Gwaram. Ya aiko saƙon murya, gaisuwa har da tambayar iyaye da maƙwabta, kamar mai neman auren 'yata. Na ce Malam, rage gaisuwar, data take ci. Ya yi dariya. Dariyar ta ƙare da tari.

Laraba, 10 ga Yuli

Na rubuta sunana da wannan yaren gina shafi da suke kira HTML, ya fito ƙato a fuskar waya. Na nuna wa Ɗanbala mai shayi, ya ce to sai me. Jahili.

Asabar, 20 ga Yuli

Har yanzu ban ga ƙugiyar ba. Abin ya fara damuna.

Abdulnasir ya fi ni kai, wannan ba na musu, a nan dai. Jiya hoton buhunan riɗina ya ƙi fitowa, na zagi wayar, na zagi wanda ya ƙirƙiro abin. Shi ya duba ya ce na manta rufe wata alama ce kawai. Kafin ya faɗi kuskuren sai da ya ce tsarina ya burge shi, rubutuna a fili yake, kaza da kaza. Haka yake yi kullum, yabo a gaba, gyara a baya. In ya shigo kasuwa da wannan hali, kafin azahar an raba shi da rigarsa.

Amsarsa ba ta zuwa sai da la'asar. Ya ce gidansu ba sabis, sai ya fito bakin hanya.

Talata, 30 ga Yuli

Ya rubuta wa shafina "ya yi". Karo ɗaya, ko jan rai babu. Munawwara ta ɗora shi. Ni kaina na san akwai wuraren da suka karkace. Na ji daɗi, na kuma ɗan raina shi. Wane irin mai saye ne wannan, tayin farko ya biya?

Juma'a, 2 ga Agusta

Ya turo nasa.

Na zauna a kan buhu bayan an sauko masallaci na buɗe. Shafin hulunan matarsa ne, Khairiyya, ita ke ɗinkawa. Ya jera su a kan farin zane ya ɗauki hotonsu da hasken safe, kowace da sunan ɗinkinta a ƙasa. Ka taɓa ɗaya ta girma har ka ga bin zaren. A ƙasa akwai maɓallin da za ka danna ya kira wayarta. Wallahi ban san lokacin da na ce kai ba. Ko na shagunan Kano da nake gani bai fi shi ba.

Na rubuta masa: Malam, launin bayan nan ya yi duhu, kamar ɗakin da aka ɗauke wuta.

To me zan ce? Haka na tashi na ga ana yi. Kayan da ka raina ba ka tsayawa a kansa, wucewa kake. Wanda ya shiga ranka shi kake tsugunawa ka damƙa, ka watsa a tafin hannu, ka ce akwai tsakuwa, bai bushe ba, na bara ne. Mai kaya ya ji haka ya san ya kama ka. Sai ya taso: haba Jafaru, ina ka taɓa ganin irinsa a kasuwar nan? A yi ta yi, a yi dariya, a tafa. Daɗin abin ke nan.

Ya amsa: "Na gode, Malam Jafaru. Zan gyara in sha Allah."

Laraba, 7 ga Agusta

Ya canja launin. Na ce maɓallin kiran ya yi ƙanƙanta, mai babban yatsa zai sha wuya.

"Gaskiya ne. Zan gyara."

Wai ba ya musu ne mutumin nan?

Lahadi, 18 ga Agusta

Ruwa tun safe. Rumfa na yoyo, na koma gida.

Maɓalli ya girma. Na ce hular nan ta uku ta karkace a hoto. Ya sake ɗauka. Na ce sunan matar ya kamata ya hau sama. Ya hau da shi. Ina jira ya fusata, ko sau ɗaya, ya ce kai dillali, naka da na wuce maka ya kai rabin wannan? Ranar da ya faɗi haka zan fashe da dariya in sallama. Ina! Sai godiya.

Munawwara ta yi mini magana a gefe, wai me ya riƙe aikin Malam Abdulnasir. Na ce Hajiya, ciniki muke. Ta ce nan ba kasuwa ba ce. Na ce ko'ina kasuwa ce, ke ce ba ki sani ba. Ba ta yi dariya ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Saƙon murya daga gare shi, da ƙarar motoci a baya. Yana magana yana tsayawa, kamar wanda ya hau tudu. Ya ce in yi haƙuri da jinkirinsa, jiki ne ke ɗan taɓa shi. Ya ce yana so ya ga an ɗora shafin kafin... kafin a koma makaranta. Ya ce Khairiyya ta iya hannu, amma masu sayenta ba su wuce Fagam da Kwandiko ba, yana so ta samu na nesa waɗanda za su riƙa kiranta da kansu.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, zazzaɓin damina ne, kowa na fama.

Na yanke shawara. Irin wannan aiki ba a sallama shi ta waya. In ruwa ya ɗan tsagaita zan hau mota in je Fagam, in riƙe hannunsa a gaban mutanensa in ce Malam, tun ranar farko ka gama da ni. In rubuta "ya yi" yana kallo. In zaɓi hula ɗaya, shuɗiyar nan. Don kada ya gane shirina na ce masa saura abu ɗaya, zan faɗa masa in na sake dubawa.

Ya ce to, yana jira.

Alhamis, 5 ga Satumba

Wani daga Kano ya kira ni ta shafina. Abin yana aiki! Na tura wa Abdulnasir labari, bai buɗe ba.

Talata, 10 ga Satumba

Bai buɗe ba har yau. Sabis ɗinsu ne.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na kira. Wata murya ce ta ɗauka, ta ce yayansa ne, Ashiru. Ya ce jiya aka kai shi. Ciwon ƙoda, ya daɗe da shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na je Fagam.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai a ɗan hoton waya, ga ni zaune a tabarmar makokinsa. Da na faɗi sunana Malam Ashiru ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Kai ne Malam Jafarun? Kullum sunanka a bakinsa. Ya ce bai taɓa samun mai duba masa aiki da gaskiya irinka ba." Mutanen wurin suka juyo suna kallona da mutunci. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya nuna mini wani kwalbati gaban gonar gero. Nan ne sabis yake. Nan Abdulnasir yake zuwa ya zauna ya tura mini gyara. Daga gidan zuwa wurin akwai 'yar tafiya, ni mai lafiya sai da na yi gumi. Malam Ashiru ya ce tun farkon Agusta ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ba ya shiga, sai ya ja silifas ɗin yayan ya dogara sanda. In an hana shi ya ce abokin karatunsa na jira. Daga baya da ya kasa, a mashin ake kawo shi, a riƙe shi a baya.

Na ce ai da ya faɗa mini. Malam Ashiru ya ce ba ya faɗa wa kowa, haka Allah ya yi shi.

Amma ba wannan ba ne ya hana ni cin abinci. Kafin mu fito ne, aka ce matar na son magana da ni. Tana takaba, ba ta fito ba, daga bayan asabari ta yi gaisuwa, ni ina tsaye a soro. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, ya ce saura abu ɗaya ka ce a gyara. Har ranar Laraba yana tambaya ko ka turo. Mene ne? Ko akwai wanda zai iya ƙarasa masa?"

Ni da bakina ke ci da ni. Ni da na taɓa sayar wa mutum riɗinsa da ya kawo da safe. 'Yar ƙaramar ƙarya kawai na iya lalubowa.

Na ce ɗan abu ne, Hajiya, wani digo ne a ƙasa. Na riga na gyara da kaina.

Ta ce Allah ya saka da alheri. Ta sake cewa Allah ya saka da alheri.

A kan kwalbatin na zauna, bayan Malam Ashiru ya juya. Na rubuta a guruf: aikin Abdulnasir ya yi. "Ya yi", kalma biyu, ko data ba su ci ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Munawwara ta ɗora shi. 'Yan guruf suna ta addu'a, suna cewa shi ne mafi kyau a rukunin. Ita ba ta ce mini komai ba. Gara ta zage ni.

Asabar, 21 ga Satumba

Ai ban sani ba. Da na sani ba zan yi ba. Kuma gyaran da na sa shi, wasu na gaskiya ne, maɓallin nan da gaske ya yi ƙanƙanta.

Launin farko ya fi kyau. Na sake duba hoton da na ajiye. Nasa na farko ya fi.

Laraba, 2 ga Oktoba

Sabon riɗi ya fara shigowa. Duk mai sayen da ya kira ni daga Kano sai na tura masa shafin hulunan, in ce Alhaji, kanka ya fi ƙarfin wannan tsummar da kake sawa. Biyu sun kira ta, Malam Ashiru ya gaya mini. Ɗanbala ya ce nawa ne la'adata a ciki. Na ce ya zuba mini shayi ya rufe bakinsa.

Shuɗiyar an saye ta. Ban tambayi wa ya saya ba.

Talata, 8 ga Oktoba

An buɗe sabon rukuni. Munawwara ta ce waɗanda suka gama su ɗauki na baya, haka tsarin yake. Na ce ni kasuwa ta buɗe, ba ni da lokaci. Ta haɗa ni da wani Ikrima, mai gyaran mashin a Kangire, ko tambayata ba ta sake yi ba.

Ya turo aikinsa na farko yau da hantsi. Subhanallahi. Rubutu ja a kan kore, hoto ya haye kan suna, komai a karkace. Kurakuran suna nan reras, bakina har ƙaiƙayi yake.

Na rubuta masa cewa sunan shagon ya fito sarai, kuma wanda ya yi wannan a makonsa na farko zai yi nisa. Sauran na ce sai gobe, ɗaya-ɗaya. Ba wani abu ba ne, sauri nake, motar Kano na jira. Na kuma tambaye shi ko akwai sabis a gidansu, ko sai ya fita.