Iya, Na Hana a Zubar da Dakashin Takwararki

Assalamu alaikum Iya. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya, ina roƙon Allah ya kai haske makwancinki.

Modu ne, ɗanki da ya tsere daga aji huɗu ya kama sayar da banda a Baga Road. Albishirinki, matata Falmata ta sauka, kin yi takwara. Ummi muke ce mata. 'Yar mitsitsiya ta zo, a tafin hannuna ɗaya take kwanciya.

Sai dai na yi laifi, gara ki ji daga bakina. Muna dawowa daga asibiti, ƙanwarki Goggo Yagana ta ɗauko ƙoƙo za ta tatse dakashi ta zubar, yadda kuka yi mana. Wai nonon fari dauɗa ne, a fara ba yarinya ruwan dabino. Ni da ko tari ban taɓa yi a gabanta ba, sai ga ni na ƙwace ƙoƙon.

Malamar asibiti ce ta zuga ni. Ta ce kaurin nan da rawayar nan su ne amfanin, akwai bitamin da ba sa shiga jiki sai da maiƙo, masu gyara ido da tsare jariri daga cuta. Ta jero min A, D, E, K. Ashe baƙaƙen da na gudar wa a firamare suna jirana a ɗakin haihuwa!

Maiƙo kuwa ai nan na yi digiri. Ke kike cewa, "Kifin da bai ɓata takarda ba, bai isa shiga tukunya ba."

Goggo ta laƙaba min Likitan Banda, ta yafa gyale ta fice. Ummi ta sha abinta tas.

Na tuna ƙannena biyu da kika binne kafin yaye. Ban ce rashin dakashi ba ne, Allah masani. Kin yi da abin da kika sani, ni ma zan yi da nawa.

Yanzu tarwaɗar da ta fi ƙiba ba ta ganin mai saye. Tukunyar Falmata take faɗawa, da manja da zogale. Ummi kuma nono zalla har wata shida, ko dangi za su daina amsa gaisuwata. Jiya Goggo ta aiko wa Falmata da man shanu, ta ce a gaya wa Likitan Banda ba don shi ba.

Iya, shekara biyu kika shayar da ni, ban rama ba. Wannan karon, ta bakin takwararki, ni ke cefanenki.

Allah ya gafarta miki, ya raya takwararki, ya shayar da ke daga Alkausara.

Ɗanki mai ƙarnin kifi,
Modu