Kallon Idon Malama

Laraba, bayan isha'i, Kurmin Sarki.

Gobe zan tsaya gaban aji in yi bayanin aikina. Shekarata arba'in da shida, amma ga ni na dawo ɗalibi. A gwajin yau malamarmu ta katse ni: "Malam Sale, ƙasa kake yi wa bayani? Ɗago ka kalle ni, ko in rage maka maki." Yaran ajin suka kwashe da dariya. Gaskiyarta ce, ba zan ɗau alhakinta ba. Amma mu a Gumel, mai ƙura wa malaminsa ido mara tarbiyya ne. In na faɗi, sai na sake shekara a nan ba iyalina. Ɗazu na gwada a madubi. Wallahi ko nawa idon na kasa jurewa.