Akwatin Kwalekwalenka

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Da a ce kana nan sai in tambayi lafiyarka da ta ruwa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Na dai saba rubuta abin da ya faru, yau kuma sai hannuna ya fara da sunanka.

Gida lafiya. Yara sun koma makaranta. Matarka Zulai tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta cika magana ba. Ni ma ina zuwa kasuwar Bodija wurin albasa kamar kullum. Mutane suna yaba mini haƙuri. Ban sani ba ko haƙuri ne. Ina cin abinci, ina barci, ba na jin komai.

Kwalekwalenka yana tafkin Eleyele inda ka ɗaure shi. Baba Rasaki, abokin kamun kifinka, ya ce zai riƙa fita da shi yana kawo wa yara rabonsu na kifi, amma ba da wannan akwatin katakon naka na zuba kifi ba, don gindinsa ya ruɓe, ruwa na shiga. Ya nuna mini kayan da ka saya kafin ka kwanta ciwo: ƙyallen faiba, da galan na gam, da 'yar kwalbar maganin da ke sa shi ya daskare. Ya ce nufinka ka yi sabo. Sai na ce zan yi. Ni da ban taɓa kafa ƙusa ta miƙe ba. Me ya sa na faɗi haka?

Da na kawo tsohon akwatin gida, Zulai ta aiko a faɗa mini cewa cikin kayanka duk shi kaɗai take so. Na ce ta ara mini in ɗauki siffarsa, zan mayar mata yadda yake.

Na je unguwar Mokola wurin wani mai gyaran bambar gaban mota. Ya ce in cire murfin, in kife akwatin, in shafe shi da kaki, in shimfiɗa ƙyallen, in bi da gam da burushi, in ya bushe sai in zare katakon. Kakin ne ya ƙare masa. A ƙofar gidanmu Hajiya Asabe mai masa ta ji ina cigiya, ta yi mini dariya, ta ce duk karatuna ban san man gyaɗa ba, ita tun tana budurwa masa ba ta taɓa kama mata tanda ba. Ban yarda nan take ba, ka san halina. Na gwada a bayan farantin ƙarfe, ya fita sumul. Na sake gwadawa, ya sake fita.

Sai na shafe akwatinka da mai. Na yi aikin a bayan gida, warin gam ya kai har masallaci, liman ya aiko a tambaya ko wani abu ne ke ƙonewa. Hannuwana suka kwana suna ƙaiƙayi. Gam ɗin ya bushe ya yi tauri, ba laifi a ido.

Amma katako ba faranti ba ne, Yaya. Ya shanye man tun kafin in ɗora ƙyallen. Na ja, na buga, na sa masa ruwan zafi. Baba Rasaki ya zo ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ce mini da Yarbanci waɗannan biyun sun riga sun yi aure, sai dai zarto ya raba su. In na yanka sabon, kayan sun ƙare, kwalekwale ba zai fita ba. In na fasa tsohon daga ciki, me zan kai wa Zulai?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka ce in raka ka ruwa na ce aiki ya yi mini yawa, tsoro nake ji. Ina jin ka sani. Ka sani?

Jiya bayan la'asar na ɗauki akwatin da zarton na ajiye a ƙofar ɗakinta, na faɗa mata abin da na yi, na ce ta zaɓi wanda za a yanka. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa hannu ciki ta shafa katakon inda hannunka ya cinye shi. Sannan ta ce in mayar da zarton, wannan akwatin bai taɓa kwana a ɗaki ba, a kai shi inda ya saba. Ta ɗauki tsohon murfin ta shiga da shi, ta saki labule.

Yau da safe Baba Rasaki ya fita da shi. Akwatin ya zauna daidai a gurbinsa cikin kwalekwalen, ruwa bai shiga ta ƙasa ba. Buhun albasa muka rufa a kai. Na tsaya a bakin ruwa har na daina ganinsa, sannan na tafi kasuwa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yi maka rahama. Sai mun zo.

Ƙaninka,
Habibu