Motar Da Baba Bai Ji Ba

Malam Sha'ibu, don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin Juma'a mai zuwa, kuma ka sakaya sunana, ko da yake na san duk wanda ya taɓa sayen mota a Maraɗi zai gane gidanmu tun kafin ya kai tsakiyar takardar nan. Na daɗe ina karanta filinka, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shigo layi ba.

Mahaifina sana'arsa sayar da motoci, shekara arba'in ke nan, tun zamanin da ake tafiya Kwatano a koro su a jere. Filinmu yana bakin gudron, wato kwalta, kan hanyar Ɗan Isa. Ba yawan motoci ne ya sa aka san shi ba, akwai waɗanda suka fi mu. Kunnensa ne. Idan mai saye ya zo, Baba yakan sa a tayar da mota, ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. In ya ɗago ya ce "na ji ta", ciniki ya faɗa, kuma in injin ya ba da matsala kafin shekara ta zagayo, a dawo masa da kayansa. In kuwa bai gamsu ba, ba ya kushe ta, sai ya cire hannu ya ce Allah ya sa albarka, ya koma rumfa. Irin wannan motar mukan karya kuɗinta, mai saye kuma ya san abin da ya saya. Har Katsina, in aka ce motar da Alhaji ya ji ce, darajarta ta fi ta ƴar'uwarta. Da wannan kalma aka ciyar da mu, aka yi mana karatu, aka yi mana aure.

Ni ne na yi boko mai zurfi a gidan. Na gama jami'a a Yamai, na dawo na kama aiki tare da shi da yayana Hamidu. Lokacin da aka yi wahalar esansi, wato man fetur, mutane na yini a layi, ƴan kabu-kabu na tura babura, sai na shiga karance-karance. Na ga a ƙasar Sin kusan rabin sabbin motocin da ake sayarwa masu amfani da lantarki ne. Na ga Habasha, ƙasar Afirka irin tamu, ta hana shigo da motocin esansi. Ga mu kuma da rana kamar a bakin tanda. Na ce wa Baba mu riga kowa kawo motar lantarki. Bai yi musu ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai in ta tsaya tsakanin Gidan Rumji da Birnin Konni yaya za a yi. Na ba shi amsa mai tsawo. Ya ce to, kawo uku mu gani.

Ranar da suka iso ta hanyar Lome filin ya cika, dillalai, makanikai, masu shayi, har da waɗanda ko keke ba su da shi. Baba ya fito cikin babbar riga, ya ɗora hannu a kan farar cikinsu, ya ce in tayar. Na ce Baba, ai a tashe take. Wani dillali mai shegen baki ya ce, Alhaji, yau an kawo maka bebiya, sai dai ku gaisa da hannu. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don a lokacin abin alfahari na ɗauke shi. Baba ya daɗe a sunkuye. Ina kallonsa yana matsar da hannu daga nan zuwa can kamar likita mai neman jijiya. Daga bisani ya cire, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma rumfa.

Kowa a wurin ya san ma'anar haka. Tun daga ranar sunansu ya zama bebayen Alhaji. An fi shekara yanzu. A wannan tsakani mun sayar da motocin esansi sun haura sittin, wasu ma sun girmi ɗiyata ta fari, na lantarki kuwa ko ɗaya. Mutane kan zo su zauna ciki, su ɗauki hoto, su yaba kujeru, sannan su fara tambaya. Kuran ɗin nan namu, wutar lantarkin da ke tafiya ba sallama, shi zai cika ta? Wa zai gyara? Sai babbar tambayar ɗan Maraɗi: ranar da na matsu, wa zai saye ta a hannuna? Ka san mu, mota a wurinmu kamar saniya ce a turke, ana hawa ana kallon ranar sayarwa. Makanikai kuwa, in mai saye ya zo da su, su buɗe gaba su ga ba inji, ba wurin duba mai, sai su taɓe baki su ja mutuminsu gefe.

Duk wannan zan iya ɗauka, asara ce, ɗan kasuwa ba ya rasa ganin ta. Abin da ya fi ci mini rai Baba ne. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Amma ya rage zuwa fili, in ya zo kuma sai ya sa a juya masa kujera ta yadda ba zai fuskanci inda suke ba. Da damina hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya yi nauyi, aka mai da shi gidanmu na gado a Tibiri. Yana magana, yana takawa da sanda, amma ya rame, ya yi shiru. Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinsa, ba ruwan motoci. Zuciyata ta ƙi yarda.

To yanzu mai saye ya fito. Aminin Baba ne tun suna samari, zan kira shi Alhaji Ya'u, babban manomin rani a Jiratawa. Yana da allunan sola da yawa da yake jan ruwa da su, tafiyarsa kuma ba ta wuce Jiratawa zuwa Maraɗi, sai Tibiri in ana biki ko rasuwa. In akwai mutum ɗaya a yankin nan da motar za ta yi wa amfani, shi ne. Ya zagaya da ita, ta burge shi. Amma ya ce duk motar da ya hau a rayuwarsa sai da amininsa ya ji ta, ba zai sake hali da furfura ba. Ya ce ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, in kai motar Tibiri, shi ma zai zo, in Baba ya faɗi kalmar ya ɗauka.

Na je na gaya wa Baba ina ta kame-kame. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce kawo ta, zan faɗa. Na ce Baba, ai ba ka ji ta ba. Ya ce na sani, amma na ga wuyanka ya yi tsawo, rigarka ta yi maka yawa, kawo ta. Malam, na fito zaure na rasa inda na ajiye takalmina.

Yaya Hamidu ya ce in daina wahalar da kaina, kalma uku ce, motar kuma lafiyarta lau, ba cuta a ciki, in ɗaya ta fita da bakin Baba sauran biyun za su bi ta. Matata Samira ta ce in na bari tsoho ya yi haka ba zan sake iya haɗa ido da shi ba, ko da motar ta yi shekara ashirin ba ta yi tari ba. Ni kuma ina tsoron in na ƙi, Baba zai ɗauka na raina kyautarsa, ko ina nuna masa bakinsa ya daina amfani. Ga shi ba lafiya, ban san abin da ya rage mana tare ba. Me zan yi?

Ɗan mai motoci,
Sabon Gari, Maraɗi

Ɗan'uwa, Allah ya ba Alhaji lafiya. Amsata a taƙaice ita ce kada ka bari ya faɗa. Sauran duk bayani ne.

Zan fara da abin da ka karanta, don na ga kana ɗora wa kanka laifin da ya fi wanda ka yi. Alƙaluman gaskiya ne. A duniya baki ɗaya, cikin sabbin motoci biyar da ake sayarwa fiye da ɗaya mai lantarki ce, kuma rabon yana ƙaruwa. Sai dai ƙididdigar ta sabbin motoci ce, galibi a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, da wuraren caji a kan hanya, da kamfani mai karɓar mota in batirinta ya gaza. A lissafin Sin har da motocin da suka haɗa batir da injin esansi. Habasha kuma tana da manyan madatsun ruwa masu ba ta wuta mai arha, mai kuwa sayo shi take da kuɗin waje. Kasuwarku ta motocin da aka riga aka hau ce, mai saye kuma idonsa na kan ranar da zai sayar. Don haka rashin cinikin bai nuna motocinka ba su da kyau ba, ya nuna ka riga gari tashi. Kuskuren lissafi ne, irin wanda ɗan kasuwa kan yi ya gyara. Ba shi ya kwantar da mahaifinka ba. Likita ya gaya maka gaskiya, ka karɓa.

Maganar yayanka tana da ƙamshin gaskiya. Mai yiwuwa motar lafiya lau take, kuma Alhaji Ya'u ba zai cutu ba. Amma ba lafiyar motar ake tambayar mahaifinka ba, ana tambayarsa ko ya sani. Bai sani ba, kuma duk wanda ya tsaya a filin ranar da suka iso ya ga haka da idonsa. In ya faɗa yanzu, ba za a ce ya gano wani abu ba, za a ce ya rufa wa ɗansa asiri. Daga nan duk mai riƙe da motar da Alhaji ya ji zai fara tambayar kansa, tawa fa, jin ta ya yi ko rufin asiri ne? Motocin esansin da kuke ci da su, da wannan kalma suke fita. Ko ta fuskar kasuwa kawai aka duba, Hamidu zai sayar da rijiya ne don ya sayi guga. Samira ta fi shi hangen nesa.

Tsoronka cewa mahaifinka zai ji an raina kyautarsa yana da tushe, shi ya sa yadda za ka ƙi yake da muhimmanci. Kada ka aika, kada kuma ka jira Juma'a. Ka je Tibiri kai kaɗai, ka yi masa godiya, ka ce ka ga girman abin da ya miƙo maka amma ba za ka karɓa ba, domin shi ne gadonku kai da Hamidu da ƴaƴanku. Ina kyautata zaton zai yi ajiyar zuciya. Wanda ya yi dogon shiru kafin ya ce zan faɗa, ba so yake ya faɗa ba.

Sannan ka roƙe shi abin da zai iya bayarwa da gaskiya. In jikinsa ya yarda, ka sa shi a gaban motar ku bi hanya mai gargada. Mota ba inji kaɗai ba ce. Akwai ƙafafu, akwai burki da sitiyari da jiki, kuma inda babu ƙarar inji ƙarar waɗannan ta fi fitowa. Abin da ya ji ya faɗa wa amininsa da sunansa, abin da bai ji ba ya ce wannan ban san shi ba, ka tambayi yaron. Amma kada a yi wayo a lulluɓe wannan da tsohuwar kalmar, don ita mota duka take nufi.

Batir, wanda shi ne rabin motar, nauyinka ne. Ka nemo wanda zai auna lafiyarsa, ko daga Yamai ne ko daga Kano, ka nuna wa Alhaji Ya'u sakamakon. Ka sa mai aikin sola ya duba ko allunansa za su iya cika mota bayan sun ja ruwa, don cin famfo daban, cin mota daban. Ka ba shi ita ya hau na ɗan lokaci, da sharaɗin in ba ta yi masa ba ya dawo da ita. A wannan ciniki bakinka ne zai tsaya, ba na mahaifinka ba.

Mai yiwuwa Alhaji Ya'u ya ce a'a, ka shirya wa haka. In ya ƙi, ka sallame shi da fara'a, kada abotar tsofaffi biyu ta ɗauki nauyin cinikinka. Sauran biyun kuma kada ka bar su suna gasuwa a rana, zafi yana cin batir ko da mota na tsaye. Ka sa su a inuwa, ka nemi masu saye wurin ƙungiyoyi da kamfanonin da ke da tasu wutar, ka karya kuɗi in ta kama. Asarar da aka yanke ta fi wadda ake kiwo.

Ka ce ba ka san abin da ya rage muku tare ba. Babu wanda ya sani, don haka kada zuwanka Tibiri ya zama sai da maganar ciniki. Ka je ka zauna, ku ci abinci a kwano ɗaya, ka ba shi labarin gari. Mahaifin da ya yarda ya zubar da sunan da ya daɗe yana ginawa don kawai ɗansa ya daina ramewa, ba shi da wani ƙulli a zuciya game da kai. Ka sauke naka. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba ka ciniki mai albarka, ya bar muku sunan gidanku yadda kuka same shi.

Malam Sha'ibu