Huhun Kura

Garwa, daren Talata

Kura ta uku ke nan da ta mutu a bakin daji, kuma yau ma hannu rabbana na dawo. Malam Buba mai gadin dajin yana kirana na ɗaure akwatin ƙanƙara na ɗauko samfurin gwaji a babur, amma kafin in isa mafarauta sun gama rabon namanta, wai na magani ne. Fata kawai na tarar.

Na durƙusa gaban tsohonsu na ce, "Baba, ɗan yankin huhun kawai nake roƙo, a auna a ga ko irin cutar da ke kashe karnukan rugage ce, ko wata ce dabam."

Ya ce, "Ɗana, ka makara, an riga an banɗa shi."

Likitar dabbobin da nake aiki a ƙarƙashinta ta ce in babu sakamakon gwaji ba za a turo allurar karnuka ba. To da me zan je mata gobe?

Na kasa cin tuwo. Hanjin kurar karnukansu suka jefa wa, ina tsaye suka cinye tas. Da su za a shiga daji da safe.