Jatau a Dama, Tauraro a Hagu

Lahadi, 19 ga Mayu

Fasto Audi ya yi wa'azi kan masuntan da suka bar tarunsu suka bi Yesu. Da aka tashi ya ja ni gefe. Wai akwai gurbi a makarantar masu bishara, za a fara tsakiyar Yuni, kuma ni ya gani. Ni Ɗantsoho mai huɗa! Dariya na yi, shi bai yi ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Abin da nake ta juyawa a raina: wa ya kwashe tarun nan? Taru dai ba ya cin dusa, ba ya kuka in ya ga maigidansa. Ni bijimai biyu gare ni, Jatau da Tauraro, tun suna maruƙa nake kiwonsu. Da masuntan nan shanu ne da su, da an ga ta kansu.

Asabar, 25 ga Mayu

Na gaya wa matata Rahama, ina jiran ta ce a'a in huta. Tana tankaɗe ta ce, "Maigida, shekara uku kana yi wa shanun nan wa'azi a gona. Gwada mutane mana." Matar nan ba ta taimake ni ba ko kaɗan.

Talata, 4 ga Yuni

An yi ruwan shuka a Dutsi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Maƙwabcina Malam Harisu ya ce in na tafi zai riƙe shanun, ya yi wa Rahama huɗa, sannan ya yi tasa. Na ce ya gwada su yau, a raina ina cewa ba za su yarda ba. Haka kuwa aka yi. Ya ɗaura karkiya, suka ƙi gaba suka ƙi baya, Tauraro har da kwanciya. Ya sa Jatau a hagu ne, alhali tun horonsu a dama yake. Na gani sarai, na yi gum. Malam Harisu ya share gumi ya ce, "To, kai kaɗai suka sani."

Na ji daɗi. Kunya nake ji da rubuta wannan, amma na ji daɗi ƙwarai.

Litinin, 10 ga Yuni

Kwana huɗu in na durƙusa addu'a, Tauraro nake gani a kwance. Anya shanun ne suka ƙi, ko ni? Mutumin kirki ya zo taimakona na bar shi yana jin kunya a gonarsa.

Da safe na je na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗantsoho, kai da za ka koyar da tsoron Allah!" Na nuna masa dama da hagu, da yadda ake sosa wa Jatau doro kafin a ɗora karkiya.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na tsaya bakin gona. Malam Harisu ya kira shanun, suka ja, kunya miƙaƙƙiya har ƙarshe. Da suka juyo suka wuce ta gabana, ko kallona Jatau bai yi ba. Ya yi mini zafi, ba ƙarya.

Ban ce wa Fasto komai ba tukuna. Bulalar shanun dai na rataye ta a zauren Malam Harisu, kuma na tambayi Rahama inda ta ajiye tsohuwar jakata.